Shagon tura waƙoƙi na bakin layin dogo a Agege: shekara uku ina ciniki da shi

Ni tela ne, shekarata goma sha tara ina ɗinki a Agege. Duk wanda ya taɓa zama a kan keke tun hantsi har bayan isha ya san kunne ma da nasa abincin. In babu sauti a shago, hannu nauyi yake yi. Shi ya sa batun inda nake samo abin saurare ba ƙaramin batu ba ne a wurina, kuma tunda 'yan uwa sun sha tambayata ina nake samun tsofaffin waƙoƙin da suke ji suna tashi a shagona, na ga gara in rubuta sau ɗaya, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Shagon kwantena ce rabi, tana kallon layin dogo, tafiyar minti bakwai a ƙafa daga gadar Pen Cinema. Ba allon suna. Abin da za ka gane shi da shi, sifika ce baƙa a bakin ƙofa da katako mai ramukan caji, wayoyi sun kai hamsin a jere, kowace da lambarta a jikin tef. Mai shagon saurayi ne ɗan ƙasar Katsina, bai kai talatin ba. Kayan aikinsa kwamfuta ɗaya ta kan cinya, da rumbunan ajiya guda huɗu da yake kullewa a akwatin ƙarfe, da wata tsohuwar rediyo mai cin kaset wadda ita ce ma dalilin wannan rubutu.

Farashi a zuwana na ƙarshe: cika memori mai giga 16 da waƙoƙi naira 1,500 in ka zo da naka. Fim mai dogon zango naira 200 kowane kashi. Caji 200. Karatun Alƙur'ani da tafsiri ba ya karɓar ko sisi, ya ce wannan tsakaninsa da Allah ne. Yana karɓar tiransifa, amma ya fi son kuɗi a hannu.

Ranar da na fara zuwa, sai ya tashi daga kan benci ya ce, "Kawu, sannu da zuwa, me za a zuba maka?" Na ce tsofaffi nake so. Ya ce, "Tsofaffi iri-iri ne, Kawu. Na kalangu, ko na fada, ko na noma, ko na mata?" A nan na san na zo wurin wanda ya san abin da yake sayarwa. Na ce ya fara da Shata. Ya tambaye ni na ɗakin ɗaukar sauti nake so, ko na filin biki inda ake jin maroƙa da guɗar mata. Tun rasuwar Shata a 1999 ban ƙara jin wani ya yi mini wannan rarrabewar ba, sai wannan yaro da ko makaranta bai shiga ba a lokacin. Ya zuba mini Ɗanƙwairo da kotsonsa, ya zuba Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, ya ce in uwargida na son kiɗan ƙwarya akwai Barmani Choge. Kowane mawaƙi da nasa gida a cikin memorin, ba a cakuɗe ba.

Yadda ya tara su shi ne abin da ya fi burge ni. Tsofaffin Agege, musamman dillalan shanu na mayankar Oko-Oba da masu goro, da yawansu suna da buhun kaset a ƙarƙashin gado, ba su da abin kunnawa. Sai ya yi yarjejeniya da su: ka kawo kaset ɗinka, ya haɗa rediyon nan da kwamfuta da igiya, ya juye maka a memori kyauta, shi kuma ya riƙe kwafi. Kaset mai minti 90, minti 90 ɗin zai ci, ba a yi masa gaggawa. In zaren ya tsinke, da ɗan tef da reza yake ɗinke shi, in ya naɗe ya sa biro ya juya. Na zauna na kalli wannan aiki, kuma a matsayina na mai sana'ar hannu na san haƙurin da yake ci.

Akwai wani kaset da na ɗauko daga kayan mahaifinmu bayan rasuwarsa. An ɗauke shi ne a wani gayya a ƙauyenmu, makaɗin noma na garin yana zuga samari, shi kuma wani ya danna rikoda. Makaɗin nan ba wanda ya san shi in ka wuce ƙauyuka biyar. Shekara da shekaru ina ajiye da kaset ɗin, ina tsoron sa shi a rediyo kada ta cinye. Na kai wa yaron nan. Ya duba ya ce, "Kawu, ya sha danshi, amma bari mu gwada. Ka dawo jibi." Da na dawo ya sa mini abin ji a kunne. Ƙarar iska ce da farko, sai ganga, sai ga makaɗi yana kiran sunan mahaifina yana yi masa kirari a kan kunya, sai kuma muryar Baba kansa daga nesa yana amsawa. Na kasa tashi daga bencin. Yaron bai ce komai ba, ya juya ya ci gaba da ba masu caji wayoyinsu har na dawo daidai. A daren na tura wa 'yan uwana ta WhatsApp, wanda ke Funtuwa da wadda ke aure a Maraɗi, kafin asuba duk dangi sun ji muryar Baba.

Lokacin da na sauka Legas a 2006, kaset da faifan fim na Hausa daga kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano suke zuwa, sau da yawa a hannun direbobin manyan motoci. Faifan mawaƙan kudu kuwa kasuwar Alaba ce uwarsu, can Ojo, inda 'yan kasuwa ke saye daga mawaƙi su buga su baza ƙasa. Labarai sai rediyo mai gajeren zango, kowa ya kafa eriya da asuba yana neman BBC, ko Jamus, ko Muryar Amurka. Da RFI ta buɗe sashen Hausa a 2007, a nan Legas ma ta kafa ɗakin shirye-shiryenta. Yau duk wannan ya tattaru ya shige wani abu da bai kai farcen babban yatsa ba. Masu sayar da kaset da na sani a Agege, wani ya koma sayar da gilashin waya, wani ya tafi gida noma.

Za a ce, to me ya sa har yanzu mutum zai taka zuwa shago alhali komai na intanet? Wayata Tecno ce, da Boomplay, manhajar sauraron waƙoƙi ta intanet, a cikinta ta zo. Yaran shagona wata irinta, Audiomack, suke yi, kuma ina ganin amfaninsa, domin mawaƙin da ba shi da ubangida yana iya ɗora waƙarsa daga Gusau a ji ta a Mile 12 ta nan Legas cikin awa guda. Spotify ma ta shigo Najeriya tun 2021. Ban raina ko ɗaya ba. Sai dai mu masu kunna sauti awa goma sha biyu a rana, lissafinmu daban ne. Tun da hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, kowa ya koma ƙirga megabait kamar yadda ake ƙirga cokalin madara. Memori kuwa sau ɗaya ka biya, ba ruwansa da sabis, ba ruwansa da talla. Na biyu kuma, waƙar da aka ɗauka a filin biki a kan kaset shekara arba'in da suka wuce ba kamfanin da ya mallake ta balle ya ɗora ta. In ba irin wannan yaro ba, da buhun za ta ruɓe.

Amma kada a ɗauka tsofaffi ne ke riƙe da shagon. Cinikinsa na wurin samari, masu tura baro da masu facin takalmi da waɗanda suka bar acaba bayan gwamnatin jiha ta hana shi a manyan unguwanni a 2022. Su abin da suke nema, fim mai dogon zango da aka saki a YouTube daren jiya, da sababbin waƙoƙin fiyano. Shi yana saukewa sau ɗaya cikin dare, ya sayar wa mutum talatin da rana. Na lura da wani abu da ban saba gani ba: yawancinsu ba su san sunan waƙa ba, ba su san mawaƙi ba. Mutum zai zo ya rera ɗan guntun baiti, ya ce, "Wadda ake rawa da ita a TikTok." Yaron ya gane ya ba shi. Sau da yawa kuma in an kunna masa cikakkiyar waƙar sai ya ce a wuce zuwa wurin da ya sani, sauran bai dame shi ba. Mawaƙan ma sun gane, shi ya sa yanzu amshi ke zuwa tun daƙiƙar farko, waƙa ta ƙare kafin ka gama sa maɓalli biyu. Mu da muka tashi da waƙar da makaɗi zai yi rabin awa yana jero zuriyar mutum da garuruwan da ya taka, wannan abu yana yi mana ciwo. Na faɗa wa yarana a shago, ba laifi ku ji naku, amma ranar Juma'a bayan masallaci nawa za a sa, kuma har ƙarshe. Ɗaya daga cikinsu yanzu shi ke tuna mini.

Sai aibobinsa, domin akwai su.

Sau ɗaya ya sayar mini da memori da aka rubuta giga 64 a jikinsa. Da aka cika shi, rabin waƙoƙin suka ƙi buɗewa, ashe jabu ne, cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba. Da na mayar bai yi gardama ba, ya ce shi ma a dunƙule ya saro, ya canza mini. Amma kwana biyu na rasa, kuma tun daga nan nake sayo nawa a hannun wanda na yarda da shi a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Ƙarar waƙoƙin kuma ba ɗaya ba ce: wata sai ka ƙure sifika, ta bayanta ta zo ta firgita mai gwajin riga. Na yi masa magana har sau uku, yana cewa zai daidaita, bai yi ba. Sababbin waƙoƙin da yake saukowa daga shafuka, wasu an liƙa musu muryar wani yana kiran sunan shafinsa a tsakiyar baiti, abin haushi. In aka ɗauke wuta kuma sai jira, domin tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba ya tayar da janareto sai masu caji sun taru. Benci ɗaya ne, in rana ta take babu inuwa. Mata ba sa jin daɗin tsayawa a wurin saboda cunkoson samari, uwargidana ni take aika.

Shawara ɗaya da nake ba kowa, ba don na ga ya yi wani abu ba: cire memorin ka miƙa, kada ka bar wayarka a buɗe a hannun kowa. Hotunan iyalinka suna ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haƙƙi. Naira 1,500 da na biya, ko kwabo bai isa hannun mawaƙi ko magadansa ba. Na tambaye shi kai tsaye. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, gaskiya ne. Na sababbin, su da kansu suke turo mini su ce in baza, don a san su a gayyace su biki. Na tsofaffin kuwa, in na san inda zan kai, zan kai." Amsar ba ta wanke shi duka ba, ni ma da na saya ba ta wanke ni ba. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma ba ta san hanyar wannan kwantena ba, kuma ba ta san ƙofar gidan jikokin makaɗin ƙauyenmu ba. Abin da na iya yi, da na je gida da sallah na nemi ɗan makaɗin nan, na ba shi memori mai muryar mahaifinsa da ɗan abin da ya sawwaƙa. Bai taɓa jin muryar a na'ura ba.

Watan da ya wuce na tarar ana musu a bakin shagon. Wani ya kawo waƙa a wayarsa, wai sabuwar da aka tono ta wani babban mawaƙi da ya daɗe da rasuwa. Muryar kamar tasa. Yaron ya saurara sau biyu ya ce wannan aikin ƙirƙirarriyar basira ne, na'ura ce ta kwaikwayi muryar. Ya ce a ji, babu inda mawaƙin ya ja numfashi, 'yan amshi ba su yi kuskure ko sau ɗaya ba, kuma an ambaci abin da bai zo duniya ba sai bayan mutuwarsa. Mai wayar ya ce to a zuba masa ita cikin gidan mawaƙin a memori. Ya ƙi. Ya ce zai buɗe mata gida daban ya rubuta mata "na na'ura", amma ba zai haɗa ta da na gaskiya ba, kada yaro ya taso ya ɗauka marigayin ne ya faɗa. Mutumin ya yi fushi ya tafi da kuɗinsa.

Yana buɗewa wajen ƙarfe tara na safe, ya rufe sha ɗaya na dare, ban da lokutan salla. In aikin kaset ne ya kawo ka, zo da safe ranar Talata ko Laraba kafin samari su taso, ka naɗe kaset ɗin a leda, kuma kada ka gwada kunna shi a gida tukuna. Ni yanzu haka akwai guda shida a hannunsa na wani dattijo maƙwabcina mai sayar da goro, ya ce in dawo ranar Asabar.