Lesin ɗin Malam na bayan Magariba, ku kai yaranku

Jama'a masu ta tambayata kan lesin ɗin tarihi da gwamnati da wani tsohon ticha yake yi a zaurensa nan ƙauyenmu gefen Ringim, wai ko ya dace a kai yara masu shirin WAEC da JAMB, ni dai nace ku kai su. Ƙanina na zuwa tun bayan girbi, nima nakan zauna bakin ƙofa in na dawo daga fadama.

Malam ba ya cika allo da rubutu yace a kwafa. Raba yaran yake ƙasa-ƙasa a kan tabarma, ya yayyaga kwalin taliya ya rubuta sunan ƙasa da gawayi ya ajiye gaban kowa, sai yace to yarana an gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuna taron sulhu a Faris a 1919, manya sun haɗe kai an fi ku ƙarfi, ya za ku yi? Ƙanina aka ba Sin, aka ce masa yankinku na Shandong da Jamus ta riƙe an miƙa wa Japan. Wallahi yaron nan tashi yayi ya ɗauki silifas ɗinsa wai ya fasa taron. Malam yace zauna ɗana, tukuna.

Daga nan ya kawo musu Orlando, firaministan Italiya, wanda ya fusata kan garin Fiume da Italiya ke so a ba ta aka ƙi, a watan Afrilu ya tattara ya koma Rum, yaji dai sosai, amma ba wanda ya je biko, Wilson na Amurka da Lloyd George na Ingila da Clemenceau na Faransa suka ci gaba da aikinsu, farkon Mayu ya dawo da ƙafarsa kuma bai samu Fiume ɗin a yarjejeniyar ba. Su kuwa wakilan Sin irin su Wellington Koo ba su bar Faris ba, sun faɗi hujjarsu an rubuta, ɗalibai a Beijin suka yi zanga-zanga ranar 4 ga Mayu, wakilan suka nemi a bari su sa hannu tare da rubuta cewa ba su yarda da batun Shandong ba aka hana su, shi ne ranar 28 ga Yuni suka ƙi sa hannu a yarjejeniyar Basai, wato ta sulhu da Jamus, gaba ɗaya. Inda abin ya fi burge ni, a Satumba sai suka sa hannu a wadda aka yi da Ostiriya, da yake dokar kafa Majalisar Ƙawancen Ƙasashe tana cikinta ita ma, sai gasu sun zama mamba ba tare da sun sallama ƙasarsu ba. A 1922 a taron Washinton Japan ta amince ta mayar da Shandong. Gaskiya wannan darasin ni kaina ya shige ni, don a ƙungiyarmu ta manoman shinkafa duk wanda aka rinjaya kan rabon taki ko ruwa ficewa yake, washegari ya tarar an rubuta sunaye babu nasa.

Taron San Faransisko na 1945, inda aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, kam da gudu aka wuce shi, alhali shi ya fi kusa da abin da ake tambaya a jarrabawa. Ƙasashe 50 ne, ƙanana da Evatt na Ostireliya a gaba suka yaƙi kujerar naƙi ta manyan nan biyar, Amurka da Ingila da Faransa da Tarayyar Sobiyet da Sin, aka kayar da su a ƙuri'a, amma suka zauna har suka ƙara wa Babban Zaure, inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a, ikon tattauna duk batun da ya shafi kundin Majalisar Ɗinkin Duniya. Wannan ya isa ya ci dare guda shi kaɗai.

Abin da ya ɗan sosa min rai, babu kwalin da aka rubuta Kamaru. A wancan zaman na Faris aka raba ta tsakanin Ingila da Faransa ba a ji ta bakin mutanenta ba, kuma ɓangaren arewa na Ingila shi ne ya shigo Najeriya a 1961 ya zama lardin Sardauna. Yaranmu ya kamata su san akwai waɗanda ko kujerar da za a rinjaye su a kai ba a ba su ba. Na faɗa wa Malam, yace in Allah ya yarda zai saka.

Sauran matsalolin na wuri ne, fitilar sola tana dusashewa kafin Isha, takardun da ake hotokofi sun koɗe da ƙyar ake ganin shekaru, sannan lokacin ya hana 'yan mata da yawa zuwa, da zai ware musu bayan La'asar da iyaye sun bari. Kuɗi wata-wata ne kuma yana haƙuri har ranar kasuwa. Yaro ya zo da tocila da littafi mai kauri, da maganin sauro in gidansu akwai.