Wace manhaja ce za ta faɗa maka gaskiyar masu shiga shafinka?

Ni dai sana'ata manyan riguna ne, aska biyu da aska takwas, ɗinkin hannun cikin birnin Zariya, kuma na buɗe shafin intanet saboda masu saye daga nesa. Abin da ya zaunar da ni gwada manhajojin ƙirga maziyarta shi ne makon da allo ya nuna min jama'a sun yi dafifi, alhali ko hula ban sayar ba.

Google Analytics kowa ke fara ɗauka, don kyauta ce. Tsohuwar ta daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yulin 2023, saura sabuwar da ake kira GA4, wadda ta fi kasuwar Sabon Gari rikita baƙo. In ita ka zaɓa, sa agogonta a kan lokacin Legas, ka ɗaga ajiyar bayanai daga wata 2 zuwa 14, ka kuma cire Paystack, shafin da ake biyan kuɗi ta cikinsa, daga jerin shafukan da ke turo maka mutane, in ba haka ba duk wanda ya biya za ta ce daga can ya ɓullo. Plausible ba ta da hayaniya, amma biya ake duk wata da kuɗin waje, sai na yi gaba. Ta Cloudflare kyauta ce, ƙirgen kawuna kawai ta iya.

Matomo ce tawa. Da can sunanta Piwik, aka sauya a 2018. Kana iya ɗora ta a kan sabarka, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinka, wanda ya gina shafinsa da WordPress ma yana samunta kyauta, bayanan kwastomominka kuma suna hannunka, abin da ya ƙara nauyi tunda Najeriya ta yi dokar kare bayanai a 2023. Amma abin da ya saye ni ƙarami ne. A GA4 da lambar IP, wato adireshin na'urarka a intanet, kake cire kanka daga ƙirge, mu kuwa masu datar MTN da Airtel lambar nan ba ta zama wuri ɗaya. A Matomo dannawa ɗaya za ka yi ta sa wa burauzarka alama, ta daina lissafa ka. Na yi a wayata, na yi a ta yaron shago, sai ga adadin ya faɗo. Ashe mu ne muke ta leƙa kayanmu. Tana kuma nuna ziyara ɗaya bayan ɗaya: wannan ya shigo da Tecno, ya buɗe farar shadda, ya tsaya kan farashi, ya fice. Tana ɗan nauyaya saba mai arha, kuma kar ka rantse da garin da ta rubuta, don mai waya a Samaru kan fito a Legas.

Yanzu ga inda aka ƙone ni. Matashin da ya haɗa min shafin ya liƙa lambar ƙirge sau biyu, ɗaya a jikin shafin, ɗaya ta Google Tag Manager, manhajar liƙa irin waɗannan lambobi a shafi, kowane buɗewa ya zama biyu. Bayan nan ya ce, "Alhaji, kawo wani abu in jawo maka mutane." Na bayar. Mutanen nasa da ƙarfe uku na dare suke zuwa, daga ƙasashen da ba a san babbar riga ba, ba mai yin daƙiƙa guda. Na'ura ce, ba ɗan Adam ba. Mafi ciwo, da imel ɗinsa ya buɗe asusun; ranar da muka ɓata, tarihin shekara ya tafi da shi. Don haka kowa zai saita maka, ya buɗe da imel ɗinka, kana zaune. Mai neman ka sa talla a shafinsa kuma, in ya turo hoton allo cike da lambobi, ka ce ya buɗe maka asusun ka gani da idonka. Hoto ko yaro zai gyara shi.

Kafin ka sallami mai saiti, ari wayar maƙwabci ka buɗe shafin sau ɗaya, ka duba ko buɗewa ɗaya aka rubuta. Adireshin da kake turawa WhatsApp kuma ka riƙa liƙa masa alamar UTM, wato ɗan ƙarin rubutu a ƙarshen adireshi mai nuna inda mutum ya fito, don galibi in babu ita manhajar cewa take mutumin da kansa ya zo.