Class AB ko Class D: wanne ne zai ja sifika mai om 2?

Malam, ka ce ka haɗa sifika biyu masu om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta) a faralel, wato + da +, − da −, sun koma om 2, kana son haɗa amfilifaya da hannunka, kana tambaya a nau'ikan amfilifaya AB za ka yi ko D. To kafin mu je can, ka sani a nan ba bolt ne matsalarka ba, karan ne, wato yawan wutar da ke gudana, wanda ake aunawa da amfiya. Wat 100 a om 8 kusan amfiya 3.5 yake ci, amma wat 100 ɗin nan a om 2 amfiya 7 ne, a ƙololuwa ma har 10. Kuma om 2 ɗin suna ne kawai, a wasu sautukan yana iya sauka ƙasa da haka.

AB daɗinsa komai a fili yake, in ya ƙone ka sa mita ka gano taransiston da ya mutu ka canza. Amma zafi ne da shi, ko a lissafin takarda bai wuce kashi 78.5 cikin ɗari na wuta yake kai wa sifika ba, a aikace kuwa wajen rabi zafi yake zama. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauko taransifomar da ya saba da ita ta om 8, mai ba da ±50V, ya jona om 2, taransistocin sai sun zubar da zafin da ya kai wat 250, alhali da ±25V ne wajen wat 63 ne kawai kuma zai samu wat 100 ɗinsa. Na taɓa yin wannan gangancin da taransistoci 2SC5200 da 2SA1943 ƙwaya ɗai-ɗai, na ga an rubuta 15A na ce ai shi ke nan, ko minti goma ba a yi ba hitsink, wato ƙarfen da ke shanye zafinsu, ya ƙi taɓuwa, sai ƙauri. Ka sa biyu-biyu har sahu uku ko huɗu, kowanne da resistonsa na om 0.22 a ƙafar emita don su raba kaya daidai, ga fanka. LM3886 kuwa, wato IC ɗin nan na amfilifayar AB, manta da shi, om 4 ne iyakarsa.

D kuma kunnawa da kashewa yake yi da sauri, shi ya sa yake kai wa sifika kashi 90 na wuta, ɗan ɗumi kawai za ka ji. TPA3116D2, wani IC na D, in aka haɗe tashoshinsa biyu, wato PBTL, yana ɗaukar om 2 a kan 24V. Sai dai gaskiya zana allonsa da hannu wahala ce, layi ya ɗan yi tsawo sai hayaniya ko MOSFET, wato taransiston da ke kunnawa da kashewar, ya ƙone, kuma koyil ɗin fita in ƙarami ne karan ya yi masa yawa sauti ya dagule. Yawanci allon da aka gama ake saye a yi masa gida.

Ni dai in koyo kake so da jin daɗin soldarin, yi AB da ƙaramin bolt. In batir ne ko akwatin ba iska, D ba tantama.

Af, kar ka yi birij da AB a om 2, wato ka sa sifika tsakanin fitar amfilifaya biyu, kowane ɓangare om 1 zai gani. Wayar sifika ma ta zama mai kauri gajeriya, om 0.2 na waya kusan kashi 9 na ƙarfinka zai cinye. Ka kuma gwada jona sifikun nan a jere, wato + na ɗaya da − na ɗayan, su zama om 8 tukuna, wataƙila amfilifayar da kake da ita ma ta wadatar.