Sharhi Kan Ƙwayar Man Kifi Ta Omega-3 Mai Lamba 1000

Ƙwayar da ake magana a kai ita ce wadda kusan kowane kemis ke da ita: kafso mai laushi, launin ruwan zuma, guda 100 a roba, an rubuta 1000mg da manyan baƙaƙe a gaba. An sha ta wata uku, guda ɗaya kullum bayan abincin rana, an kuma duba takardar jikinta da kyau. Hukuncin a taƙaice: kaya ne mai amfani ga wanda ba ya cin kifin teku, amma lambar da ke gaban robar tana ruɗar mai saye, kuma yawancin abin da masu talla ke jingina mata ya fi ƙarfinta.

A fara da lambar. Miligiram 1000 ɗin nauyin man gaba ɗaya ne. Abin da jiki ke nema a ciki nau'in maiƙo biyu ne, EPA da DHA, waɗanda su ne omega-3 ɗin, kuma sai an juya bayan robar ake ganin adadinsu da ƙananan baƙaƙe: EPA 180, DHA 120. Jimilla 300 ke nan, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Sauran 700 ɗin man kifi ne kawai. Akwai kuma wata dabara da ya kamata a lura da ita: wasu kamfanoni kan rubuta adadin ƙwaya biyu a matsayin sha ɗaya, sai mutum ya ɗauka ƙwaya ɗaya ce ke ɗauke da shi. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta sanya miligiram 250 na EPA da DHA a rana ga baligi mai lafiya, don haka ƙwaya ɗaya ta biya wannan buƙata. Iyakar aikinta ke nan, kuma tana yin sa.

Inda ake yin kuskure shi ne batun zuciya. Abin da aka tabbatar shi ne omega-3 na rage wani kitsen jini da ake kira tiraigilisarayid, wanda ya bambanta da kolestarol. Amma ragin da ake gani, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, yana zuwa ne idan ana shan gram 2 zuwa 4 na EPA da DHA a rana. Da irin wannan ƙwaya mai 300, sai an haɗiye bakwai zuwa goma sha uku kullum, roba guda ta ƙare cikin sati ɗaya ko biyu. Wanda gwaji ya nuna kitsen jininsa ya hau, likita ne zai rubuta masa nau'in da aka tace ya yi ƙarfi, ba na kan kantar kemis ba. Mummunan kolestarol kuwa ba ta saukar da shi. Mai DHA da yawa ma kan ɗan ɗaga shi.

Manyan gwaje-gwajen da aka yi sun sanyaya gwiwar masu zumuɗi. Binciken VITAL na Amurka, wanda aka fitar a 2018, ya bi mutum sama da 25,000 masu shan gram ɗaya a rana na kimanin shekara biyar, bai ga raguwar a-zo-a-gani a manyan cututtukan zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba idan aka haɗa su. ASCEND na Birtaniya, kan masu ciwon suga fiye da 15,000, shi ma haka. Wanda ya yi fice shi ne REDUCE-IT, a shekarar dai, inda aka ba masu haɗarin ciwon zuciya gram 4 na tsantsar EPA, haɗarin ya ragu da kashi 25 cikin ɗari. Sai dai mutanen nan duk suna kan maganin kolestarol tun farko, kuma EPA ɗin da aka ba su maganin likita ne mai suna Vascepa. Da aka gwada haɗin EPA da DHA a gwajin STRENGTH, wanda sakamakonsa ya fito a 2020, ba a ga amfani ba, aka dakatar da shi tun kafin lokaci. Masu talla sukan ɗauki sakamakon Vascepa su manna wa robar kemis, alhali ba a haɗa hanya ba. Mai hawan jini da ya ajiye maganinsa ya koma wa man kifi, ya saki reshe ya kama ganye.

Ƙwaƙwalwa fa? DHA na cikin abin da aka gina ƙwaƙwalwa da tantanin ido da shi, wannan gaskiya ne. Inda ya fi muhimmanci shi ne watanni ukun ƙarshe na ciki da lokacin shayarwa, sa'ad da ƙwaƙwalwar jariri ke girma da sauri. Shi ya sa ake so mai juna biyu ta ƙara miligiram 100 zuwa 200 na DHA a rana, kuma nazarin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, na 2018 ya nuna omega-3 na rage haihuwar bakwaini. Ga tsofaffi masu lafiya kuwa, gwaje-gwaje ba su nuna tana hana mantuwa ba. Ɗalibin da ya saya saboda jarrabawa, gara ya samu barci.

Matsalolin sha su ne aka fi kuka da su. Gyatsa mai ƙarnin kifi ita ce ta farko, sai ƙwannafi da ɗan sakin ciki. Ana yawan samunsu idan an sha da wofin ciki, domin man yakan taso saman ruwan ciki. A sha a tsakiyar cin abinci mai maiƙo, kamar tuwo da miyar da ta ji mai. Hakan na rage gyatsar, kuma jiki ya fi tsotse man. Idan ƙarnin ya yi tsanani, a huda ƙwaya ɗaya da allura a shinshina. Mai kyau ƙarninsa kaɗan ne. Wanda ya lalace yana wari mai kaifi kamar na tsohon fenti, yana ɗaci. Man kifi ba ya jure zafi da haske da iska, kuma ana so a ajiye shi ƙasa da digiri 25. Shagon da ke ƙarƙashin kwano a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu ya wuce haka nesa ba kusa ba. Ƙwayoyin da suka manne da juna suka zama dunƙule alama ce ta cewa sun sha zafi. A zaɓi roba mai duhu, a duba ranar ƙarewar aiki da lambar NAFDAC, a gida kuma a sa a firji ko wuri mafi sanyi a ɗaki.

Fatar kafson jalatin ce, wato wani abu mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabba, kuma jalatin na iya zama na shanu, na kifi ko na alade. Robar da aka duba ba ta faɗi ko wane iri ba ne, wannan kuwa naƙasu ne babba ga mai saye Musulmi. Akwai masu tambarin halal, akwai na ruwa da ake sha da cokali, akwai kuma man gansakukar teku wanda ke da DHA ba tare da kifi ba.

Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, da wanda za a yi wa tiyata, su sanar da likita kafin su fara. Shan da yawa yana ƙara haɗarin wani rikicewar bugun zuciya, musamman ga mai ciwon zuciya dama. Kada kuma a haɗa ta da man hantar kifi: shi yana da bitamin A mai yawa, wanda wuce kima a cikinsa ke cutar da ɗan tayi. Ƙwaya mai lamba 3-6-9, wato mai haɗe da maiƙon omega-3 da omega-6 da omega-9, ɓarnar kuɗi ce, domin man gyaɗa da na waken suya sun riga sun cika mu da 6, jiki kuma na ƙera 9 da kansa.

Kishiyar wannan ƙwaya tana kasuwa wurin masu kifin ƙanƙara. Gram 100 na titus ko shawa ko sadin na gwangwani na ba da gram ɗaya ko fiye na EPA da DHA, daidai da ƙwaya uku zuwa huɗu, ga kuma furotin da bitamin D a kai. Cin irinsa sau biyu a sati, kamar yadda ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ke ba da shawara, ya wadatar. A dafa a miya ko a gasa, ya fi a soya shi ƙayau. Tarwaɗa da karfasa na kiwo ba su kai su ba ko kusa, don haka wanda kifinsa bai wuce waɗannan biyun ba, ko wanda ƙarnin kifi ke tayar wa zuciya, shi ne ƙwaya ɗaya a rana za ta yi wa rana.