Otal mai "kare muhalli": abin da na gani da na sauka a wani

Yanzu kusan kowane otal ka buɗe shafinsa sai ka ga koren ganye da rubutu wai muna kare muhalli, to ni dai na daina yarda da ganyen nan, sai na ga aiki. Tafiyar da na yi kwanan nan na kama ɗaki a wani ƙaramin otal, irin masu ɗakuna kaɗan ɗin nan da mai otal ɗin da kansa yake zagayawa yana gaisawa da baƙi, kuma abin da ya sa na zaɓe shi takardar shaidar Green Key ce da na gani.

Green Key ɗin nan tun 1994 aka fara ta a Denmark, ƙungiyar Foundation for Environmental Education ke riƙe da ita, kuma mutanen waje ne suke zuwa su duba, ba otal ne zai yabi kansa ba. Akwai irinsu EarthCheck ta Ostireliya da Green Globe. Ni sai da na shiga shafin Green Key ɗin na nemi sunan otal ɗin na gan shi kafin na biya, don manna tambari a intanet ba wuya. Ko Booking.com ma, shafin kama ɗakin otal a intanet, a 2024 sai da suka cire tambarinsu na Travel Sustainable bayan hukumar kare masu saye ta Holan ta ce yana iya ruɗar mutane.

Abin da ya burge ni na farko banɗaki ne. Babu 'yan kwalaben shamfu ɗin nan na roba da ake amfani da rabi a jefar, manyan gwangwanaye ne a liƙe a bango ana sake cika su. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta hana manyan otal-otal ba da ƙananan kwalaben tun 2023. Ruwan sha a kwalbar gilashi, akwai na'urar tace ruwa a baranda ka je ka cika abinka. Ruwan wanka kuwa hitar sola ce a saman rufi, kuma ruwan da ya fita daga shawa ba zubar da shi suke ba, ana tace shi a shayar da lambu, manajan ya nuna min tankin a bayan gini, ba wari ko kaɗan.

Ginin kansa shi ne babban abin. Bango mai kauri, taga biyu suna kallon juna iska na ratsawa, ga bishiyoyi ta ɓangaren da rana ke faɗuwa, wallahi da fanka kawai na kwana ban ko kunna iyakwandishan ba. Kuma a nan wutar otal take tafiya, sanyaya ɗaki da dafa ruwa da wanki, ba a katin nan da ake ajiyewa wai ka rataye tawul ɗinka ka ceci duniya ba. Katin nan tun 1986 wani Ba'amurke mai suna Jay Westerveld ya yi rubutu a kansa cewa kuɗin wanki otal ke ragewa kansa. A nan dai na rataye tawul kuma ba a canza shi ba, wasu wuraren ko ka rataye sai sun kwashe, to meye amfanin katin?

Amma fa akwai matsala, ba zan ɓoye ba. Ranar da aka wuni da hadari ruwan zafi ya ƙare tun kafin dare, duk wanda ya makara sai wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kuma shawar ba ta da ƙarfi saboda an rage mata gudu da gangan. Sannan da ka zare katin buɗe ɗaki daga inda ake zura shi don kunna wuta komai ya mutu har da soket, na bar waya a caji na dawo na tarar yadda na bar ta, abin ya ban haushi sosai. Kuɗinsa ma ya ɗan ɗara na makwabtansa.

Zan koma? E, zan koma. Mai son ruwan zafi kowane lokaci da ɗaki mai sanyi ƙarara gara ya nemi wani wurin. In kuma za ka kama irinsa, tura musu saƙo ka tambayi daga ina wutarsu take, ina ruwan wanka yake zuwa, da wa ya ba su takardar shaida. Ni cikin awa guda suka ba ni amsa har da hoton tankin.