CAC ko rajistar tambari: wanne zai kare sunan kayanka?

Masu haɗa turaren wuta, yaji, kilishi da ruwan leda da yawa suna ɗauka cewa da zarar takardar CAC ta fito an rataye ta a shago, sunan ya zama nasu. Ba haka ba ne. Aikin CAC shi ne rajistar kamfani ko sunan kasuwanci, don ka buɗe asusun banki ko ka nemi kwangila. Ita ce mafi sauƙi da saurin fitowa, kuma ya kamata ka yi ta, amma ba ita ce za ta ba ka ikon hana wani buga irin sunanka a jikin kwalbarsa ba.

Wannan ikon yana fitowa ne daga ofishin rajistar tambarin kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, bisa dokar 1965. Za a fara da bincike ko wani ya riga ka. In sunan ya wuce, a ba ka takardar amincewa, a buga shi a mujallar ofishin, a jira wata 2 ko wani zai ƙalubalanta, kafin satifiket. Yana ɗaukar lokaci, sai an yi haƙuri. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan ana sabuntawa duk shekara 14.

Inda mutane suka fi yin asarar kuɗi shi ne wajen rukuni. An kasa kaya da ayyuka gida 45, kuma kowane gida da kuɗinsa. Turare yana rukuni na 3, kilishi na 29, yaji na 30, ruwan sha na 32, tufafi na 25. Hajiyar da ta yi wa turarenta rajista ba ta kare sunan a kan abaya ba. A ganina ka biya rukunin da kake sayarwa a yau, da guda ɗayan da ka tabbata za ka shiga, ka bar sauran. Shi ma sunan sai ka duba shi da kyau: "Kilishi Mai Daɗi" bayanin kaya ne kawai, da wuya a mallaka wa mutum ɗaya. Sunan da ka ƙago da kanka ya fi saurin wucewa. Masu abinci da kayan shafa kuma su sani, NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, takan nemi shaidar rajistar sunan kafin ta ba da lamba.

Akwai masu zama babu rajista, sai an kwaikwaye su sannan su garzaya kotu. Doka ta ba su wannan damar, sai dai kai ne za ka tabbatar wa alƙali cewa jama'a sun san sunan da kai, kuma an ruɗe su. Kuɗin lauya kaɗai na iya fin na rajista.

In kayanka na tsallakawa ta Jibiya zuwa Maraɗi, rajistar Abuja a kan iyaka take tsayawa. Nijar, Kamaru da Chadi suna cikin OAPI, ƙungiyar da ke yi wa ƙasashenta rajistar tambari, mai hedikwata a Yaounde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17 na tsawon shekara 10. Najeriya ba ta ciki, don haka mai sayarwa a ɓangarorin biyu rajista biyu zai yi, kuma gara ya yi ta OAPI da sunansa kafin ya miƙa kaya ga dillali a can.