Noti ya karye a cikin inji: walda, ekstirakta ko diril, wanne za ka kashe wa kuɗinka?

Shekaranjiya wani ƙanina mai jan Golf ya kira ni daga tashar Gumel, wai noti ya karye masa a jikin top silinda, daidai inda bakin salansa yake kamawa, kuma wai yaron gareji ya ce ya ba da kuɗi a aika Kano a sayo ekstirakta, wato ɗan ƙarfen nan mai tsini da ake bugawa cikin karyayyen noti a juyo shi, minti biyar an ciro. Na ce masa riƙe kuɗinka tukuna, kar ka bari kowa ya sa hannu a wajen sai na zo. Ni abin nan ya taɓa ci na, kuma ba ƙaramin ci ba.

Kafin ka sayi komai tsaya ka tambayi kanka yaya aka yi notin ya karye, don nan ne mutane suke ɓata lissafi. Akwai wanda ya karye wajen ɗauri, wato yaro ya sa faif a jikin sifana ya hau kai da ƙarfinsa duka har kan ya fita. Wannan mai sauƙi ne, da kan ya fita guntun ya saki jiki, wani lokaci da tsinin kurfi da 'yar guduma ma za ka juyo shi. Sai kuma wanda ya karye wajen kwancewa saboda tsatsa ta kama shi, to wannan shi ne ɗan masifar, kuma shi ya fi yawa a motocinmu. Golf 3 ɗin nan da muke ta fama da su tsakanin 1991 da 1997 aka ƙera yawancinsu, ka ga notin salansa ya kusa shekara talatin yana shan wuta yana hucewa kullum, shi ƙarfe ne, gidan da yake ciki alminiyam, sun manne kamar an haife su tare. Yanzu yi tunani, notin mai kaurin milimita 8 yana da kansa lafiya lau aka sa masa sifana ya ƙi motsi har ya gwammace ya karye, shi ne za ka huda cikinsa ka sa wani siririn abu da bai kai rabin kaurinsa ba ka ce shi zai juya shi? Wannan tambayar ita ce duk maganata.

In guntun ya ɗan fito waje yadda filaya mai kullewa za ta kama, ba sai ka sayi wani abu ba. Jiƙa shi da kananzir ko WD-40, ka ɗan bubbuga kansa da guduma, ka bar shi ya kwana, da safe ka gwada gaba kaɗan baya kaɗan. In ya ƙi kar ka yi ta gurzarsa har ka cinye ɗan abin da ya rage, mai walda yana buƙatarsa.

Ni dai walda ce tawa, ba na ɓoyewa. Akwai wani dattijo mai walda a bayan kasuwa da nake kai wa aiki, na tsaya a kansa ya fi sau biyar yana wannan abin kuma har yau ina jin daɗin kallo. Zai fara goge kan guntun da burushin waya har sai ya ga farin ƙarfe, don walda ba ta kama tsatsa da baƙin mai. Sai ya ɗauko washa mai ramin da ya yi daidai da guntun ya ɗora, ya ɗiga walda a tsakiya ta haɗe washar da guntun, ya kakkaɓe dattin da ya taso, sannan ya ɗora macen noti wadda ta ɗan fi girma a kan washar ya cika raminta da walda tun daga ƙasa har ta yi jajir. In guntun ya nutse ciki kaɗan sai ya riƙa ɗiga masa kaɗan kaɗan, ɗigo ya kakkaɓe, ɗigo ya kakkaɓe, har ya taso ya zo daidai baki. Siririyar waya yake amfani da ita, mai 2.5, ba irin mai kaurin nan ta ƙofa da gadon tirela ba. Ranar farko da ya gama sai na miƙa hannu zan ɗauki sifana, ya ce min "ɗana ajiye, in ka taɓa shi yanzu jan nan tuwo ne, murɗewa zai yi." Ya koma kan bencinsa ya sa aka kawo masa shayi. Sai da jan ya mutu gaba ɗaya ya taso, ya ɗiga ɗan baƙin mai a gindin, ya sa sifana ya fara da ɗaurewa kaɗan, ba kwancewa ba fa, sai ka ji wani ɗan ƙara ƙit, daga nan gaba baya gaba baya yana ƙara mai, har guntun ya fito da tsatsarsa ja kamar garin barkono, tiredin ciki, wato haƙoran ramin da noti yake bi, lafiya lau ko ƙwarzane babu.

Abin da ya sa take aiki ba wani asiri ba ne. Na farko ta ba ka sabon kai da sifana za ta kama da faɗi. Na biyu, wanda shi ne babba, zafin nan yana shiga cikin guntun ya kumbura shi, in ya huce ya tsuke, sai tsatsar da ta manne su ta farfashe. Ga shi alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa in ya ji zafi, kusan ninki biyu, sai ramin ya ɗan saki. Kuma waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, ko ta taɓa gefe ba za ta manne ba, sai dai kar mai waldar ya daɗe a waje ɗaya don alminiyam tun daga zafi 660 yake narkewa. Abin da na fi so kuma shi ne in ta ƙi ba ka yi asarar komai ba. Macen notin za ta iya fita ita kaɗai sau biyu sau uku, ba komai, a ɗauko wata a sake, kowane zagaye guntun ƙara sakin jiki yake. Kuɗin duka wayar walda biyu ko uku ne da washa da ladan mai aiki.

Sai dai ba kowane mai walda za ka miƙa wa injinka ba. Mai haɗa ƙofa da taga daban, mai hannun da zai cika ramin da bai kai faɗin ɗan yatsa ba daban. Tambaye shi ko ya taɓa yi, in ka ga bai ce a cire kan batir ba ya jawo waya zai fara, ɗauke motarka ko da turawa ne, don wutar walda tana iya ƙona burenbok, wato kwamfutar motar, da altaneta. Kuma wayar ƙasa a maƙala ta kusa da wajen aikin, a jikin top ɗin kansa, ba can jikin bodi ba. A kawar da tiyon fetur, a rufe wayoyi da jiƙaƙƙen buhu. In a jikin bulok ne, wanda yawanci baƙin ƙarfen kas ne, to nan walda tana iya kama gefe, sai an ƙara kula da washar. Sannan duba wutar da yake aiki da ita, janaretan da yake tari duk lokacin da aka ɗana waya ba zai narka ƙasan ramin ba, sama kawai zai shafa, kuma da damina wayar da ta sha danshi sai tartsatsi da kumfa.

Yanzu ekstirakta, ga yadda ta ci ni a tawa motar. Ranar wata Laraba ce, gobe kasuwar Maigatari, na riga na karɓi kuɗin kayan mutane. Ina da wani saiti da na saya a hannun mai tebur a Kano, guda biyar a jere cikin jar roba, suna ƙyalli, mai sayarwar har da rantsuwa wai ɗan Jamus ne. Muka huda guntun, muka buga ta ciki, makaniken ya sa sifana ya ja sau ɗaya sau biyu, sai muka ji tas. Kowa ya yi shiru. Ta karye daidai baki, ta bar tsininta a tsakiyar guntun. To ita ekstirakta ƙarfenta ya fi bakin diril na gama-gari tauri, mun ƙona baki huɗu a kanta ko alama ba su yi ba sai zamewa suke suna cin alminiyam ɗin gefe. Ƙarshe sai da aka sauke top ɗin gaba ɗaya na ɗauke shi a but ɗin wani zuwa Kano wajen masu injin gyaran ƙarfe, ga sabon gasket, ga mai, ga ladan sauke da ɗorawa, kasuwa ta wuce ni, na mayar wa mutane kuɗinsu ina ba da haƙuri, mota ta kwana huɗu a gareji kaji suna kwana a ƙarƙashinta.

Kuma ko ta gaskiyar ce akwai matsala a yadda aka ƙera ta, irin mai murɗaɗɗen tsinin nan duk yadda ka ƙara ja tana ƙara shiga ciki tana buɗe guntun, wato tana ƙara matse shi da bango. Ga wanda ya karye wajen ɗauri tana aiki, ban hana ba. Ga mai tsatsa kam sayen rigima ne da kuɗinka.

Jabun kuwa sun cika kasuwa wallahi, iri biyu ne. Akwai mai laushi, da ka ja za ta murɗe kamar igiya haƙoranta su shafe, wannan ma da sauƙi don za ka iya hudata. Akwai wadda aka ƙona ta wuce misali ta zama kamar gilas, ita ce ta ci ni. Kar launi ya ruɗe ka, ruwan gwal ɗin nan da kake gani a jikin su da bakin diril sau da yawa shafe ne kawai a kan ƙarfen banza, huda ɗaya ya goge. Kar rubutun jikin kwali ya ruɗe ka, sunan ƙasa kowa ma zai iya bugawa. Tafi da ɗan magagari a aljihu ka goga a gindinta gaban mai shagon, in ya ci ta kamar sabulu ajiye masa kayarsa, in ya hana ka gwadawa ma ka samu amsarka. Dubi haƙoran, na kirki a tsaye suke da kaifi, na jabu a dakushe da ɓurɓushi a gefe. In ka shiga Ƙofar Ruwa gara ka nemi tsohon kayan aiki na hannu da ya sha aiki bai mutu ba, da sabo fil mai arha a leda. Kuma yaron da ka aika ma ka sa ido, za ka ba shi kuɗin mai kyau ya sayo na tebur ya soke canji, ba sau ɗaya na gani ba.

Akwai kuma cutar da ta fi wannan. Wani makaniken in abin ya gagare shi ba zai faɗa maka ba, sai ya yanko kan wani noti ya manna da gam a bakin ramin, ka zo ka ƙirga ka ga sun cika, bayan sati ka fara jin fat fat fat da safe, ga baƙin hayaƙi a gefen gasket. Wani kuma zai huda a karkace ya tura noti mafi girma da ƙarfin tsiya. Kafin ka biya sa sifana da hannunka a kan kowane ɗaya.

Bakin diril na baibai, mai juyawa hagu, abu ne mai kyau, yana cikin huda sai ya kama guntun ya warware shi, amma samunsa a nan sai an sha yawo kuma dole diril ɗinka ya zama mai ribas. Hudawa gaba ɗaya a sake tiredi da taf, wato ƙarfen da ake yanka tiredi da shi, kuma aikin mai haƙuri ne, noti mai milimita 8 bakin 6.8 ake sa masa, mai 6 bakin 5, a buga alama a tsakiya cif a fara da siriri, amma a Golf salansa ta baya take wajen bangon inji, diril ba ya tsayuwa a miƙe sai an sauke top. In tiredin ya riga ya lalace sai a sa masa 'yar murɗaɗɗiyar wayar nan helikoyil, tana riƙewa sosai in an sa daidai. Masu cewa a jiƙa da ruwan alif mai zafi ya cinye ƙarfen ya bar alminiyam, gaskiya ne yana yi, amma kwanaki yake ɗauka, wannan na wanda ba shi da lodi ne.

In guntun ya fito kar ka mayar da notin 'yan gini. Duba kan notin akwai lamba, 8.8 ko 10.9, ka nemi irin wanda ya fita, na jikin tsohon inji ɗan Beljiyam ya fi min sabon da aka buga wa lambar ƙarya. Wanke ramin, shafa ɗan mai, a ɗaure da hannu ba da faif ba.

Shi ƙanin nawa jiya muka tura motar wajen Baba, dattijon nan mai walda, macen noti biyu ta fita ita kaɗai, a ta uku guntun ya biyo. Kafin la'asar ya yi lodin Haɗejiya.